Allura da Kogi

Ni ke zura wa kakata zare,
don idonta ya daina ganin kafar allura.
Sauran aikin nata ne.

A tsibirin Bhola, inda Meghna ke gaigayar gaɓa
kamar gara ta samu danga,
Jorina Bibi ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyar,
ɗaya bisa ɗaya,
na aurenta, na uwarta, na ƙanwar da zazzaɓi ya ɗauke,
tana haɗe su da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

Shekara tara ke nan tana bargo ɗaya.

Ga gidan Motaleb mai jirgin fito, da jan zare.
Ga itatuwan kwakwa uku na bakin makaranta,
ta ukun a karkace, don haka Allah ya yi ta.
Ga rijiyar da gishiri ya fara shiga
tun kafin kowa ya yarda akwai abin da ke tafe.
Ga maƙabarta. Nan ta daɗe.
Wata biyu tana kan kabari goma sha ɗaya,
ko tari ba ta yarda in yi kusa da ita ba.

Duk abin da na lissafa, yau ruwa ne a kansa.
In kogi ya ci wuri
sai ta ɗauko shuɗin zare ta bi ta kai, jefi-jefi,
yadda mai duba da kyau zai hango rufi a ƙasa.
Ba ta taɓa farke ko ɗaki ɗaya ba.

Kawu Shohel ya zo daga Dhaka,
inda yake haɗa wuyan riga ɗari huɗu kafin la'asar
a kan keken da ba ya numfashi.
Ya ce, Inna, ƙasa na nutsewa kina wasa da tsumma.
Ya nuna mata taswira a waya,
shuɗi fal, babu ko ɗigo.
Ta karɓa, ta kai dab da hanci, ta juya ta,
ta ce, ina kwakwar da ta karkace?
Wanda ya zana wannan bai taɓa jingina da ita ba.

Cikin dare na gan shi da fitila,
yana bin bargon da yatsa a hankali,
har ya tsaya kan wani ɗan gida mai ruwan ɗorawa,
ɗakin da aka yanke masa cibi.
Bai san ina kallo ba.

Ban ce allura na tare ambaliya ba.
Buhunan yashi sun gaza, balle zare.
Bara taku ɗari biyu da sittin ne tsakaninmu da gaɓa,
bana na ƙirga tamanin da huɗu.
In gari ya yi tsit muna jin ƙasa na ɓallewa,
tim,
kamar an yar da buhu daga kan amalanke,
sai karnuka su ɗauka, sai su gaji.

Ran Laraba ta miƙo mini allurar, ba don in zura ba.
Ta ce, saura gidanmu.
Na ce, ai yana nan tsaye.
Ta ce, shi ya sa.
Kada ki soka ko sau ɗaya tukuna,
je ki dube shi kwana bakwai.
Mai gaggawa abin da ya zata yake ɗinkawa,
ya bar abin da ke nan.

Yau kwana uku ina duba.
Tsatsar kwanon rufinmu ta fi yawa ta gabas.
Ƙofa ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta,
hannuna ya sani, ni ban sani ba.
Akwai gidan zanzaro a bayan taga,
ɗaki biyu ya gama, yana kan na uku,
yana kawo laka daga bakin kogin nan dai,
ɗan mitsitsi a kowace tafiya.

Shekara goma sha shida ina kwana a nan.

Na zaɓi zare ruwan ƙasa don bango,
na warware shi daga bakin zanen kakata.
Shuɗin yana cikin gwangwanin shayi,
a kan kanta, a rufe.
Na san inda yake.